Darasi: Ƙaunar Allah Kyauta Ce, Karɓarta Kuwa Zaɓinmu Ne

Karatu: Luka 15:11-32

Mu manoman ƙasar Funtua da Malumfashi mun san halin damina. Idan ruwa ya sauko, ba ya tambayar mai gona ko ya cancanta. Amma wanda ya bar irin masararsa a rumbu, ya ƙi fita shuka, da kaka ba shi da abin girbi, laifin kuwa ba na ruwa ba ne. Haka ƙaunar Allah take: tana zuwa kyauta, amma sai mun yarda mun karɓa.

1. Ba a sayenta

A cikin misalin da Ubangijinmu Yesu ya bayar, ƙaramin ɗa ya ɓatar da gādonsa, ya komo gida da niyyar roƙon a ɗauke shi ɗan ƙodago. Yana tsammani da guminsa zai biya. Amma tun yana nesa mahaifinsa ya sheƙa ya rungume shi, ya sa aka kawo masa riga da zobe. Sau da yawa mu ma tunanin ɗan ƙodago muke yi. Mukan ɗauka cewa baiko da azumi su ne kuɗin da ke sa Allah ya ƙaunace mu. Waɗannan ayyuka nagari ne, amma godiya ce ta wanda aka riga aka ƙaunata.

2. Ba a tilasta wa kowa

Mu dubi babban ɗan. Ya dawo daga gona, ya ji kiɗa, ya fusata ya ƙi shiga. Mahaifin ya fito da kansa yana lallashinsa, bai kuwa ja shi da ƙarfi ba. Labarin ya ƙare a bakin ƙofa, ba a faɗa mana ko ya shiga ba, gama amsar tana wurin kowannenmu. A shekarar 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar cewa kada a tilasta wa kowane mutum karɓar bangaskiya. Saboda haka ne Fada yake tambayar mai neman baftisma da bakinsa, mu kuma muke sabunta alkawaranmu a daren Ista. Da yawa cikinmu iyaye ne suka amsa a madadinmu muna jarirai. Yanzu mu ake tambaya.

3. A kwanakin wahala

Wannan zaɓi ya fi nauyi sa'ad da zuciya ke cikin baƙin ciki. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka kai hari Cocin Waliyyi Vincent Ferrer a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da Fada Joe Keke. A 2022 aka sace waɗansu Fada biyu a Gidan Maikambu. Akwai waɗanda suka tambaya a ransu, shin Allah yana ƙaunarmu har yanzu? Kada mu raina wannan tambaya. Ikilisiya tana amsa ta da nuna mana gicciye, inda Ɗan Allah ya sha wuya tare da mu. Iyayenmu da malaman katikisma ba su daina taruwa ba, har a 2023 Paparoma Francis ya kafa Dayosis na Katsina, ya naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, Bishop na farko.

Tambayoyi domin tattaunawa

(a) Wane zunubi ne ke sa mu ce Allah ba zai karɓe mu ba? Yaushe rabonmu da zuwa furta zunubi?
(b) Wane ne muke fushi don Allah ya gafarta masa?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu zuciyar da za ta shiga gidanka da yardar rai, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.