Amsoshin Tambayoyinku: Fim ɗin Night Watch

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya tambaya, me ya sa ra'ayin masu kallo ya rabu a kan fim ɗin Rasha mai suna Night Watch?

To Malam, fim ɗin ya fito a 2004, Timur Bekmambetov ne ya ba da umarni, an kuma ɗauko labarin daga littafin Sergei Lukyanenko. Labari ne na rundunar haske da ta duhu, waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya, kowacce na sa wa ɗaya ido a birnin Mosko, inda mayu da masu shan jini ke yawo cikin mutane.

Masu yabo sun fi ambaton fassarar da ke ƙasan hoto. A wurin da ake kiran wani yaro yana iyo, rubutun ja ne, yana narkewa cikin ruwa kamar jini. Sai dai wasu faya-fayan sun zo da rubutu na yau da kullum, abin da ya ɓata wa masu saye rai.

Masu kushe kuwa sun ce labarin ya cukurkuɗe, kuma da gaskiyarsu. Wanda bai karanta littafin ba sai ya maimaita kallo. Ci gaban fim ɗin, Day Watch, ya fito a 2006.