Tarihin Noma a Cikin Tsofaffin Takardu

'Yan'uwana ɗalibai, ni da na koyi Hausa a makaranta, na ɗauka tarihin noma a bakin dattawa kawai yake. Ashe akwai shi a rubuce. Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya jagoranci kafawa a Ibadan a 1954, tana da reshe a Kaduna. A can akwai rahotannin Turawan mulkin mallaka kan haraji, jangali da amfanin gonar gundumomi, har da bunƙasar gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911.

Amma fa mu lura, masu karɓar haraji ne suka rubuta su. Don haka mu riƙa gwada su da bayanan manoma, tun kafin takardu su ruɓe, dattawa su kwanta dama.