Mu Kula Da Kunnen Kare Da Kyanwa

Darasinmu na wannan wata a kan kunnen kare da na kyanwa ne. Da kunne kare yake gadi, da shi yake farauta. Da kunne kyanwa take jin motsin ɓera a rumbu. In kunne ya lalace, aikinsu ya tsaya, hasara kuma ta mai gida ce.

Me Ke Kawo Ciwon?

1. Kaska. Tana maƙalewa a cikin kunne tana shan jini.
2. Ƙudaje masu cizo. Da damina sukan ci bakin kunnen kare har ya zama gyambo.
3. Wasu ƙwari ƙanana ƙwarai, da wuya ido ya gan su. Sun fi kama kyanwa, sukan kuma koma kan kare.
4. Ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa, ko ruwan da ya kwanta a kunne.

Yaya Za A Gane?

Dabba ba ta magana, amma jiki magayi. Za ka ga tana yawan kaɗa kai, tana susar kunne da ƙafa, ko ta karkatar da kai gefe guda. Kunnen yakan yi ja, ya yi wari, ko ya fid da mugunya. In ka ga baƙin datti kamar garin gawayi, galibi aikin ƙwarin nan ne.

Abin Da Za Ka Yi

Duba kunnuwan sau ɗaya a mako, a wuri mai haske. Goge inda idonka yake gani kaɗai, da tsumma mai tsabta. Kama kaska da hantsaki dab da fata, ka ja a hankali, ka jefa ta wuta. Wanke gyambon ƙuda da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka shafa man basilin. Share kashin dabbobi da ruɓaɓɓiyar ciyawa, don can ƙudan suke haihuwa. In ka gama, wanke hannu da sabulu.

In akwai wari, mugunya ko kumburi, tafi wurin malamin dabbobi. Ka bi maganin har ƙarshe. Daga ƙwai zuwa girma, ƙwarin nan kamar mako 3 suke ɗauka. Wanda ya daina magani da wuri, ciwo zai dawo masa.

Abin Da Za Ka Guje Wa

Ramin kunnensu ba a miƙe yake ba, lanƙwashe yake. Don haka kada ka zura tsinke ko ashana, za ka ƙara tura dattin ciki. Kada ka zuba kananzir, baƙin mai ko maganin feshin gona. Kada ka tsaga kunnen da ya kumbura. Kada ka sa wa kyanwa maganin kaskar shanu ko na kare, kada ka ba ta farasitamol. Suna iya kashe ta.

Gargaɗi

Karen da ya canza hali, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, kada ka taɓa shi. Mai yiwuwa haukan kare ne. A sanar da malamin dabbobi. Wanda ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa 3 da ke kawo ciwon kunne.
2. Don me ba a zura tsinke a kunnen kare?
3. Wane magani ne ke kashe kyanwa?