MA'ANAR AURE A MUSULUNCI DA BATUN AUREN JINSI ƊAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Darasin wannan mako ya shafi wani al'amari da jama'a suke yawan ji a rediyo suna kuma tambayar malamai a kansa, watau auren namiji da namiji ko mace da mace. Ƙasar Holan ce ta fara halatta shi a dokarta cikin shekarar 2001. Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2006, Faransa a 2013, sa'an nan Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin halatta shi a duk faɗin ƙasar cikin watan Yuni na 2015. Yanzu ƙasashe fiye da 30 sun amince da shi. A Nijeriya kuwa, cikin watan Janairu na 2014 aka sa hannu a kan dokar da ta hana shi. Masu goyon bayansa suna cewa aure yarjejeniya ce tsakanin baligai biyu da suke son juna, don haka bai kamata hukuma ta bambanta ba. To, yaya shari'ar Musulunci ta ɗauki aure?

Tun daga lugga za a fara ganin amsar. Kalmar da Alƙur'ani yake amfani da ita ga miji ko mata ita ce "zauj", watau ɗaya daga cikin abubuwa biyu waɗanda kowannensu yake cika ɗan'uwansa. A Suratur Rum, aya ta 21, Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafta aure cikin ayoyinSa, Ya kuma ambaci abu uku da ke cikinsa: natsuwa, da soyayya, da rahama. Farkon Suratun Nisa'i kuma ya nuna cewa daga namiji da mace ne aka yaɗa 'yan Adam. Saboda haka aure a Musulunci ya wuce son juna kaɗai. A kansa aka gina nasaba da gado da idda da ciyarwa da renon 'ya'ya da sanin muharrami, kuma duk waɗannan hukunce-hukunce sun rataya ne a kan miji da mata.

Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, sun ce rukunan aure huɗu ne: waliyyi, da sadaki, da siga, da mahalli. Mahalli shi ne namiji da mace waɗanda babu wani abin da ya hana aure tsakaninsu. Idan babu mahalli, ɗaurin auren bai ƙullu ba sam, ko da an tara shaidu dubu, an kuma biya sadaki mai yawa. A kan wannan babu saɓani tsakanin mazhabobi huɗu. Aikin kansa kuma haramun ne, kamar yadda ƙissar Annabi Luɗu, alaihis salamu, ta nuna a Suratul A'araf, daga aya ta 80 zuwa ta 84. Dokar wata ƙasa tana iya ba da takardar shaida, amma ba ta iya canja hukuncin Allah ga Musulmi, ko a ina yake zaune.

Sai dai akwai wani sashe na darasin wanda mutane da yawa suke mantawa da shi. Shari'ar da ta haramta wannan aiki ita ce kuma ta haramta cin mutuncin mutane. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana mugun zato da binciken asirin jama'a da giba. Suratun Nur, aya ta 4, ta ajiye bulala 80 ga mai ƙazafi wanda ya kasa kawo shaidu huɗu, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa wanda ya jefi wani mutum da aikin mutanen Luɗu shi ma haddin ƙazafi ya hau kansa. Ke nan mai nuna yaron maƙwabci da yatsa don ya ga yadda yake tafiya ko yadda yake magana, ko mai yaɗa jita-jita a waya, shi ma ya faɗa cikin babban zunubi alhali yana zaton addini yake karewa. Haka nan tara gayya a doki mutum ko a kore shi daga unguwa zalunci ne, domin hukunci aikin alƙali ne bisa hujja, ba aikin 'yan unguwa ba ne.

Haka kuma malamai sun bambanta tsakanin abin da zuciya take ji da abin da gaɓoɓi suka aikata. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da rai ya raya mata muddin ba a aikata ba, ba a kuma furta ba. Wanda aka jarrabe shi da irin wannan sha'awa ya daure ya kame kansa, yana da ladan haƙuri. Wanda ya faɗa ciki, ƙofar tuba a buɗe take, kamar yadda aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah. Uban da ya kori ɗansa daga gida ya tura shi ne inda babu mai yi masa nasiha. Abin da ya fi shi ne a jawo shi a jiki, a yi masa addu'a, a rufa masa asiri.

Daga nan ya kamata kowa ya dubi gidansa, don kuwa laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na wani. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Maliku rubu'in dinari ne ko dirhami uku, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurci wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Amma ga shi an jibga wa aure akwatunan lefe da kayan ɗaki da gara da shagulgulan biki, har saurayi ya shekara talatin da biyar bai iya tunkarar gidan surukai ba, uban yarinya kuma ya ci bashi don gudun gori. Bayan duk wannan wahala, sai a saki yarinyar kafin shekara ta zagayo, saboda gishiri ya yi yawa a miya. Zawarawa sun cika gidajen iyayensu, 'ya'ya suna tashi ba kulawar uba. Waɗannan su ne suke rusa aure a garuruwan Hausawa kowace rana, tun kafin a zo ga dokar Holan ko ta Amurka.

Wanda yake son ya kare martabar aure, to, ya sauƙaƙa wa mai neman 'yarsa, ya ciyar da iyalinsa da halal, ya san da wa 'ya'yansa suke hulɗa, ya kuma tsare harshensa daga mutuncin 'ya'yan wasu.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya rufa wa kowa asiri duniya da lahira, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya yarda.