Hanyoyin Da Soja Ke Bi Bayan Ya Bar Daffo

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Narayi, akwai wani yaro a ajina wanda ba ya son lissafi ko kaɗan. Ran nan na tsare shi na tambaye shi dalili, sai ya ce shi soja za shi, ina ruwan soja da lissafi? Na rasa amsar da zan ba shi, don ni ma a lokacin abin da na sani game da soja bai wuce fareti da bindiga ba. Kunyar wannan ita ta sa na bi diddigin al'amarin, ga shi kuwa na kawo muku, 'yan'uwana, domin ba wanda zai koyar a Kaduna bai gamu da irin wannan yaro ba.

Ƙofar farko ita ce Daffo na Zariya, wanda aka kafa a 1924. Can a ke kai kurtu, ya yi wajen wata shida yana koyon fareti, da harbi, da bin umurni, da jure wahala. To, mutane da yawa suna tsammani nan ne iyakar koyo. Ba haka ba ne. Daffo soja kawai ya ke mai da mutum, amma irin aikin da zai riƙe har ya tsufa sai a gaba.

In kurtu ya fita, a kan rarraba shi wani sashe, kowane sashe kuwa da makarantarsa. Sojan ƙafa Jaji su ke zuwa, a kan hanyar Zariya, can kuma a ke koyar da saukar laima daga jirgin sama. Masu tankar yaƙi suna Bauci. Injiniyoyi, watau masu gina gada, da gyaran hanya, da tone nakiya, suna Makurɗi. 'Yan sandan soja suna Basawa, kusa da Zariya.

Amma wadda na fi so mu duba ita ce makarantar igwa ta Kachiya, da ya ke hanyarta ta nan kusa da mu ta bi, ta Sabon Tasha. Ku sani mai harba igwa sau da yawa ba ya ganin abin da ya ke harbi, don yana iya zama bayan tudu, nisan mil da yawa. Wani ne a ke sa wa ya matsa gaba ya ɓuya, ya duba, ya aiko da labari ta rediyo. Sa'an nan waɗansu su ɗora labarin bisa taswira, su auna nisa, su lissafta yadda za a ɗaga bakin igwa da inda za a karkata shi, har iska ma sai an sa ta cikin lissafi. In aka yi kuskuren lamba ɗaya, harsashin na iya faɗa wa 'yan'uwansu da ke gaba, ko ƙauyen da ba ruwansa. Wannan fa shi ne lissafin da yaron nan ke gudu.

Haka kuma sha'anin girma. Farabiti ya kan sami igiya ɗaya ya zama las kofur, biyu kofur, uku saje, daga nan a yi ta hawa har samanja. Daɗewa kaɗai ba ta isa ba, sai an je kwas an ci jarrabawa. A zamanin Turawa kam da sauƙi, gama Hausa ce harshen bariki, jarumin da bai san ko bihim ba ya kan kai samanja. Yaƙin Duniya na Biyu ya fara sāke wannan. Da aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma ƙasar Bama, daga 1943 zuwa 1945, sai aka bukaci direbobi, da makanikai, da masu rediyo, da masu jiyya, aka shiga koya wa soja Turanci. Waɗansunsu da suka komo, da sana'ar nan suka ci abinci. A ganina wannan ita ce babbar ribar kwas, don kaki ana tuɓe shi wata rana, sana'a kuwa da ita a ke fita.

Hanyar hafsoshi dabam ta ke. Makarantarsu tana nan Kaduna, ƙetaren kogi, an kafa ta a 1964, tun 1985 kuma ta ke ba da digiri. Hafsan sojan ƙasa shekara 5 ya ke yi a cikinta. Wanda ya riga ya sami digiri, kamar likita ko lauya, akwai gajeren kwas dominsa. In hafsa ya taka matsayi, sai ya koma Jaji, kwalejin manyan hafsoshi da aka buɗe a 1976. Sojan da ya faro daga kurtu ma ba a rufe masa wannan ƙofa ba, muddin yana da takarda da shaidar kirki.

Ko shiga Daffo ɗin ma yanzu sai da takardar gama sakandare, da Turanci a ciki. Da na koma aji na gaya wa yaron haka, na zana masa tudu a allo, igwa a wannan gefe, abin hari a wancan, na ce ya nemo mini nisan. Bai samu daidai ba, amma ya zauna a kai har aka buga ƙararrawar tashi.