Kwamfutar da Allonta Ya Fashe Tana da Sauran Amfani?

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗalibin shari'a a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Tudun Wadan Zariya. Ƙaramar kwamfutarsa ta faɗi, allon ya fashe, yana tambaya ko ya sayar wa 'yan gwangwan.

Shawararmu ita ce ya dakata tukuna. Idan tana kamawa, to da alama injinta lafiya lau. Galibin irin waɗannan ƙananan kwamfutoci, tun daga Asus Eee PC ta 2007, suna da kafar VGA ko HDMI. Sai ya jona ta da talabijin, ya danna maɓallin Windows tare da P, hoton ya koma can.

Daga nan ta zama kwamfutar tebur. Zai iya buga aikinsa na kammala karatu, ko ya sa manhajar Kiwix ya karanta Wikipedia ta Hausa ba tare da intanet ba. Idan aka ɗauke wuta, batirinta zai riƙe aikin da bai adana ba.

In kuwa ta ƙi kamawa, mai gyara zai gwada ciro ma'ajiyar bayananta, ya sa a akwatin USB, ya ceto masa takardunsa.