Batirin Mota da Jirgi Masu Rimot: Yawan Caji ko Ƙarfin Zubo Wuta?

Duk wanda ya taɓa sayen batirin LiPo don motar wasa mai rimot, ko ƙaramin jirgi, ko dron, ya ga lambobi uku a jikinsa, kamar 2200mAh, 3S da 25C. Mai shago yakan ɗauko wanda lambobinsa suka fi girma ya ce ai shi ne mai kyau, tunda kuɗinsa ma ya fi yawa. Ba kullum haka abin yake ba. Ga abubuwan da ya kamata maigida ya duba, ko kansa zai saya wa, ko yara.

1. Ka fara da fahimtar lambobin. Harafin S yana nuna yawan sel ɗin da aka jera a ciki. Kowane sel bolt 3.7 ne, idan ya cika ya kai 4.2, saboda haka 2S bolt 7.4 ne, 3S kuma 11.1. Wannan ba wurin zaɓi ba ne, abin da takardar motar ko jirgin ta ce shi za ka bi, in ba haka ba kana iya ƙona injin. Zaɓin yana tsakanin sauran biyun. Ka ɗauki batirin tamkar tankin ruwa: mAh girman tankin ne, C kuma faɗin famfon da ruwan ke fitowa ta cikinsa.

2. Lambar C ba ta da ma'ana ita kaɗai, sai an haɗa ta da mAh. Ka raba mAh da 1000, ka ninka da C, abin da ya fito shi ne amfiya nawa batirin zai iya bayarwa ba yankewa. Batiri 2200mAh mai 25C zai ba da amfiya 55. To duba wannan: 1300mAh mai 75C yana ba da amfiya 97.5, amma 5000mAh mai 20C kacal yana ba da 100. Wato babban batiri mai ƙaramar C ya ɗara ƙaramin da ke taƙama da babbar lamba. A nan ne wasu masu saye ke rasa kuɗinsu, don idonsu na kan C kawai.

3. Ka san abin da injinka ke sha kafin ka je kasuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba na'urar da ke sarrafa gudun injin, wadda 'yan harkar ke kira ESC, domin akan rubuta iyakar amfiyarta a jiki. Jirgin koyo mai ESC na amfiya 30 ba ya buƙatar batirin da zai ba da 200. Wancan 2200mAh mai 25C ya ishe shi har da rara. Wanda ke da mitar auna wuta zai fi samun tabbaci: a sa ta tsakanin batiri da ESC, a riƙe jirgin gam, hannu nesa da farfela, a buɗe wuta gaba ɗaya na 'yan daƙiƙu, a karanta.

4. Kada ka yarda da lambar C ɗari bisa ɗari. Babu wani ma'auni guda da ya hau kan dukkan kamfanoni, kowa yana buga tasa lambar, kuma wasu suna ƙara gishiri sosai. Idan ka ga lambobi biyu, kamar 25C da 50C, ta biyun ta ɗan fizga ce ta daƙiƙu kaɗan, don haka ta farkon za ka yi lissafi da ita. A ganina, gara ka nemi batirin da lissafinsa ya ninka buƙatar injinka sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Batirin da kansa zai faɗa maka gaskiya bayan an yi wasa da shi. In ka cire shi ka ji ɗumi kawai, lafiya lau. In ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi a tafin hannu, ko motar na shaƙewa duk lokacin da aka taka wuta alhali caji bai ƙare ba, ko cikinsa ya fara kumbura kamar an hura masa iska, to ana tatsarsa fiye da ƙarfinsa. Haka kuma batiri na tsufa: wanda ya ishe ka bara yana iya gazawa bana.

5. Bayan C ta wadatar, sai a koma kan yawan caji, kuma nauyi ne zai taka maka birki. Lissafin lokaci ba wuya. Ba a shanye LiPo ƙaf, akan yi amfani da kashi 80 cikin 100 ne. Daga 2200mAh ke nan kana da 1760, kuma idan jirgin na shan amfiya 10 a matsakaici, za ka samu wajen minti goma a sama. Sai dai ninka batirin ba ya ninka lokacin, domin injin zai ƙara shan wuta wajen ɗaukar nauyin. Ga jirgi mai fukafuki akwai wata matsalar: batiri mai nauyi yana sauya daidaiton gaba da baya, jirgin ya riƙa dungurawa ko ɗaga hanci. Mota ba ta cika damuwa da nauyi haka ba, ita dai a auna akwatin batirinta da rula kafin a saya, a kuma duba cewa bakin waya ɗaya ne, XT60 ne ko wani.

6. A taƙaice ga kowane iri: dron na tsere yana son ƙaramin batiri mai babbar C, shi ya sa ake yawan ganin 1300 zuwa 1500mAh a kansa. Jirgin koyo da motar hawan duwatsu a hankali sun fi cin moriyar yawan caji. Ga yaron da ke koyo kuwa, batura biyu matsakaita sun fi ɗaya ƙato, ana wasa da ɗaya, ɗayan na hucewa.

7. C ta zubo wuta daban, ta caji daban. Ka yi caji a 1C, wato amfiya 2.2 ga batiri 2200mAh, da cajar LiPo mai daidaita sel-sel, kuma sai batirin ya huce tukuna.

8. Batun gida. Batirin LiPo yana iya kamawa da wuta idan ya huje, ko ya sha caji fiye da kima, ko ya yi zafi ainun. A yi caji a kan siminti, nesa da katifa, labule da jarkar fetur, kuma babba na wurin. Ba a sa shi caji a tafi barci ko masallaci. Ba a barin sa cikin mota a rufe da rana, musamman lokacin bazara. Idan za a yi kwanaki ba a taɓa shi ba, a ajiye shi kowane sel na kan bolt 3.8, ba a cike ba, ba kuma a ƙare ba; yawancin caja suna da maɓallin yin hakan. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki, kada a sake sa shi caji, kada a ce yara su huda shi don iskar ta fita, kuma kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.